Awa Ukun Da Suka Rage Wa Haladu

Ku gyara zama, ku kife wayoyin nan a kan tabarma. Labarin da na kawo muku yau zan ajiye shi ne a tsakiya in janye hannuna, ku ku raba gardamar, don mu da abin ya faru a gabanmu mun kasa. Ina wurin aka yi komai, kuma ina cikin waɗanda suka gudu. Na faɗa tun yanzu kada wani ya riga ni.

A Gusau, bayan layin dogo, akwai wani tsohon siton auduga da aka daina amfani da shi. Wani makanike da ake kira Kallamu ya karɓe shi. Shi Kallamu ya yi shekara bakwai yana aikin gareji a ƙetare, da zai dawo kuwa, maimakon ya cika akwati da agogo da turare kamar kowa, sai ya ciko shi da ƙananan motoci, kowace ba ta wuce tafin hannu ba. A cikin siton ya haɗa musu titi na katako a bisa tebura, tsawon taku arba'in, da kwana tara da gada ɗaya. A jikin titin ya tsaga layi huɗu, kowane tsagi da siririyar jar waya gefe da gefe. Motar tana da ɗan harshe a ƙarƙashinta da ke shiga tsagin, da burushi biyu da ke shan wuta daga wayar. Direba yana tsaye a gefe, riƙe da wani abu mai kama da gindin bindiga, mu muna ce masa linzami. Ka matsa kunamarsa mota ta ruga, ka sassauta ta lafa. In ka shiga kwana da wuta da yawa sai ta yi tsalle ta bar tsagi, sai mai tsaron kwana ya ɗauka ya mayar da ita.

Na ga kuna murmushi. Haka matanmu suka yi shekara goma sha biyu suna yi mana. Manya da furfura, wani da jikoki, wani ma liman ne a unguwarsu, mu tsaya muna ihu a kan motar da yaro zai sa a aljihu. Abin da ya haɗa mu shi ne son tseren nan na Turai wanda ake yini ana kwana ana yi, awa ashirin da huɗu mota ba ta hutawa, direbobi suna karɓar juna. Duk shekara, ranar da suke nasu, mu ma sai mu yi namu, daga shida na safe zuwa shida na yamma, don mu masu iyali ne kuma gwiwa ta fara magana. Kowace mota mutum biyu ne da ita, kowa ya ja awa ɗaya ya miƙa wa abokinsa.

Kallamu ne ya kafa dokokin, kuma akwai ɗaya da yake ji da ita fiye da sauran. Direba ba ya sakin linzami sai abokin motarsa ya ɗora hannu a kan nasa ya ce, "Na karɓe ka." Wani dabam ba ya karɓa. In ka saki kafin a faɗi wannan magana, an fitar da motarku, ko da zagaye ɗari kuka ba na biyu. An sha faɗa da Kallamu a kan wannan doka, bai taɓa sassauta wa kowa ba.

Abokin motarsa shi ne Haladu, telan manyan riguna, mutum mai ƙiba da sanyin magana, mai fama da hawan jini. Koriyar mota ce da su, mai lamba tara, a layi na huɗu. A shekarar da nake ba ku labari, tun safe su ne a gaba. Haladu ya karɓa da sha biyun rana. Ƙarfe ɗaya ta yi, Kallamu ya fita yin Azahar a kan zai dawo ya karɓe shi. A hanyar dawowa ya leƙa gidan kallon da ke tsallaken titi, ya tarar motar da yake so a babban tseren ta samu matsala, makanikai sun rufar mata. Ya ce bari ya ga yadda za ta ƙare. Ya zauna.

Ni aka aika in kira shi, har sau biyu. Duk biyun bai ɗauke ido daga akwatin talabijin ba, cewa ya yi, "Ga ni nan, minti biyar." Na dawo na tarar da Haladu gumi ya jiƙe masa riga, leɓensa ya yi fari. Muka ce ya saki, wasa ne fa. Ya girgiza kai ya ce, "Kallamu na zuwa." Can sai ya daina kula mu, yana dai maimaitawa a hankali, "Kallamu, zo ka karɓe ni." Ƙarfe uku daidai ya durƙushe a gindin tebur. Kafin a samo motar kai shi asibiti rai ya yi halinsa, kuma da ƙyar aka ɓamɓare linzamin daga hannunsa.

Alƙalin tseren a ranar ƙanin Haladu ne, Inuwa, malamin makaranta. A dokarmu, in wani abu ya faru alƙali yakan cire batirin agogon bango, a tsayar da lokaci har a warware. Haka Inuwa ya yi. Ya sa batirin a aljihu, ya naɗe tutar nan mai baƙi da fari wadda ake kaɗawa a tashi tsere, ya bi gawar ɗan'uwansa. A cikin wannan tashin hankali babu wanda ya tuna cewa ba a kaɗa tuta ba. Muka rufe sito muka sa kwaɗo. Kallamu ya je ta'aziyya kwana bakwai a jere, Inuwa bai ɗaga ido ya dube shi ba ko sau ɗaya.

Shekara ta zagayo. Ranar babban tseren, Kallamu ya ce mu je mu buɗe mu share, ko ba a yi wasa ba. Ya rame, ya yi baƙi, babu wanda ya iya ce masa a'a. Mu takwas muka je, wajen ƙarfe uku saura, rana tsaka, masu tallar rake suna wucewa a waje. Inuwa bai zo ba. Ƙura ta rufe titin, gizo-gizo ya yi saƙa a ƙarƙashin gada, agogo yana nan a kan uku inda aka bar shi. Ba mu kunna komai ba. Ina riƙe da tsintsiya sai na ji wata 'yar ƙara siririya da na sani sarai. Na juya, sai ga koriyar motar tana tafe a layi na huɗu, a hankali, tana barin sawu biyu a cikin ƙura. Linzamin Haladu yana rataye a ƙusa, kunamarsa a matse, babu yatsa a kai. Sannan agogon da ba shi da batir ya ce ƙas, ya ce ƙas.

Malamai sun faɗa mana wanda ya mutu ba ya dawowa, kuma ban yi musu ba. Ko aljani ne ya ari muryar mutum, ko wani abu ne da ba mu da sunansa, Allah ne masani. Ni dai ban ji murya ba. Kallamu ne ya karkata kai kamar wanda aka kira daga nesa, ya ce, "Na ji. Ga ni nan." Ya taka ya sauko da linzamin, ya ɗora yatsa a kan kunama, ya ce, "Na karɓe ka."

Nan take ya sandare a tsaye. Idonsa a buɗe amma ba ya ganinmu, jikinsa sanyi ƙalau kamar randa. Motar kuwa ta tsaya cak, domin da mai rai ya karɓa sai ta koma motar duniya mai bukatar wuta. Da ta tsaya, numfashin Kallamu ya tsaya. Wani ya yi ta maza ya kunna wuta, motar ta zabura, ƙirjin Kallamu ya ɗaga. Muka gwada ɗaga yatsansa don mu kai shi asibiti, motar ta lafa, numfashinsa ya lafa tare da ita. Liman ɗinmu ya yi tofi ya shafa masa, ko gezau. Sai muka gane muna kallon awa ukun da suka rage ne, kuma ran mutum yana kan motar da ba ta wuce tafin hannu ba. A nan ne mu biyar muka ranta a na kare. Ni ban yi nisa ba, na maƙale a taga ta waje, kunya ta hana ni tafiya, tsoro ya hana ni shiga. Mutum biyu suka tsaya, Sallau da Barau.

Sallau mahauci ne, dogo, shi ne babban mai tsaron kwana tun da aka fara wasan. Kallamu ba ya gani, saboda haka ba ya sassautawa a kwana, motar tana zuwa da wuta sai ta yi tsalle. Duk tsallen da ta yi numfashi ya ɗauke, sai an mayar da harshenta cikin tsagi. Aikin mutum huɗu ne tsaron kwana tara, Sallau ya yi shi shi kaɗai. Ya tuɓe riga, ya yar da takalmi, yana zagaya teburan nan a guje, wani lokaci ya bi ta ƙarƙashi da rarrafe don ya riga ta isa. Ya ce karon farko da ya taɓa ta ji ya yi kamar ya damƙi ƙanƙara, kuma sanyin bai tsaya a fata ba, hawa yake yi. Aka kira La'asar yana gudu, sai daga baya ya rama ta. Da yatsun dama suka daina jin komai ya koma hagu, da na hagu suka mutu ya riƙa haɗa tafukansa biyu yana ɗagota. Sau ɗari biyu da wani abu ya mayar da ita, ni na ƙirga daga taga don ba ni da wani amfani. Ko sau ɗaya bai bari numfashin Kallamu ya ɗauke fiye da ƙirga biyar ba. Har yau yatsu uku na hannun damansa farare ne, ba sa lanƙwasuwa, kuma mahauci ne da ba ya iya riƙe wuƙa.

Barau mai gyaran wuta ne, gajere, mai yawan tsegumi, wanda ba a taɓa jin ya yabi aikin wani ba. Ƙarfe huɗu da kwata aka ɗauke wuta. Barau ya san halin unguwar, tun kafin a ɗauke ya riga ya kwanto batirin motarsa ta hawa ya ja waya ya ajiye, fitila na mutuwa ya haɗa, motar ko tuntuɓe ba ta yi ba. Janaretan siton ya shekara a kwance, ya ja ya ja ya ƙi tashi. Batir ya fara sanyi, ya kwanto na motar hawan Kallamu, ya haɗa sabon kafin ya cire tsohon don kada wuta ta yanke. Maɗaurin wayar ya karye, babu lokacin neman wani, sai ya danne wayar a kan batir da babban yatsansa. Wayar ta yi zafi har ina jin ƙaurin fata daga taga, bai ɗaga ba. Wajen biyar da rabi kuma burushin motar ya cinye, ta fara tartsatsi tana shaƙewa, Kallamu yana shaƙewa tare da ita. Canza burushi sai an ɗaga mota daga titi, kuma aikin minti uku ne ga mai natsuwa. Barau ya sa Sallau ya danne masa wayar da gwiwa, ya kwance burushin wata mota ya riƙe a leɓe, ya ce, "Bismillah," ya cafke ta. Fuskar Kallamu ta fara duhu. Barau bai dube shi ba ko sau ɗaya. Ya gama cikin ƙirga arba'in da ƙonannen yatsa, ya dire ta a tsagi, Kallamu ya ja wani numfashi mai ƙara kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

Agogo ya buga shida. Sallau ya zube a ƙasa yana hamdala, mu na waje muka fara rungumar juna. Sai muka ji ƙarar ba ta tsaya ba. Motar tana ta zagayawa, ta ma ƙara wuta, kuma yanzu ta daina tsalle a kwana, tana shiga tana fita sumul kamar wani ƙwararre ne ya karɓi tuƙin. Hannun agogo ya tsaya a kan shida yana rawa. Gumin Kallamu ya jiƙe masa riga, leɓensa ya yi fari, bakinsa ya fara motsi, kuma duk wanda ya ga Haladu a bara ya gane abin da yake gani. Batirin ƙarshe yana mutuwa. Barau ya dubi Sallau ya ce, "Tuta. Ba a kaɗa tuta ba."

Inuwa yana gidansa a can ƙarshen gari, kuma babu wanda ya aika masa. Shi da bakinsa ya faɗa mana daga baya cewa tun ƙarfe uku sandar tutar take ƙwanƙwasa akwatin da ya kulle ta a ciki. Ya san ko mene ne. Ya ce duk shekarar nan, kullum da ƙarfe uku, yakan ji 'yar ƙarar motar a kunnensa, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba don ba ya so ta daina, ita ce kaɗai abin da ya rage masa na yayansa. Ya zauna a bakin gado yana sauraron ƙwanƙwasar awa biyu cur, yana cewa a ransa Kallamu ya ɗanɗani tsayuwar da Haladu ya yi. Bai ɓoye wannan ba. Biyar ta wuce ya buɗe akwatin, ya hau babur. Ya shigo siton shida da minti goma, bai yi wa kowa sallama ba, ya tsaya a bakin layin gamawa ya warware tutar. Ya ɗaga hannu, sai muka ga ya ƙame. Ya ce a gefen Kallamu ya ga mutum tsaye, mai ƙiba, da tef ɗin awo a wuya, hannunsa a kan hannun Kallamu, ya juyo yana dubansa. Motar ta wuce sau ɗaya bai kaɗa ba. Ta wuce sau biyu. Sallau yana roƙonsa da Allah da Annabi. A na uku Inuwa ya ce, "Yaya, ka gama. Ka huta," ya kaɗa tutar, hawaye na zuba a gemunsa. Motar ta gangara ta tsaya, linzamin ya faɗo daga hannun Kallamu. Inuwa ya ce tun daga ranar bai sake jin ƙarar ba, kuma sai a ranar ne ya ji an yi masa rasuwa.

Kallamu ya kwana biyu bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo muka tambaye shi abin da ya gani. Ya ce yana cikin mota ne babba, a kan titin da ba shi da gari, Haladu na zaune a gefensa. Ya ce ya roƙe shi gafara tun daga farko har ƙarshe, Haladu bai ce uffan ba, da motar ta tsaya ya buɗe ƙofa ya sauka bai waiwayo ba. Da ya kai nan sai ya juya fuskarsa bango, muka fita muka bar shi.

To, ga inda gardamar take. Ƙungiyarmu tana da kofi na tagulla, duk shekara ana kai wa maƙeri ya zana sunayen mutum biyun da motarsu ta ci. Koriyar mota ce kaɗai ta ga tuta, saboda haka ita ta ci. Aka zana sunan Haladu. Da aka zo na biyu Kallamu ya ce atafau, sunansa ba zai zauna kusa da na mutumin da ya bari a tsaye ba. Ya ce a sa sunan wanda ya riƙe masa rai. Gurbin suna ɗaya ne, don mota mutum biyu ce.

Masu goyon Sallau suka ce tun a kwanar farko Kallamu ya mutu in ba don shi ba, kuma shi ne ya rasa sana'arsa, yau ɗansa ke yanka masa nama a faranti. Masu goyon Barau suka ce gudun Sallau banza ne in babu wuta a waya, kuma shi ne ya ɗaga ran mutum daga titi da hannunsa ya mayar, shi ne kuma ya tuna da tuta lokacin da kowa ya ruɗe. Masu goyon Inuwa suka ce da bai zo ba da wahalar su biyun ta tashi a banza, kuma shi kaɗai ne ya ceci mutumin da yake ƙi, ya biya da abin da ba ya dawowa. Sai wasu suka ce ai shi ya tafi da tutar tun farko, kuma ya zauna awa biyu da saninsa. Wasu suka amsa cewa wanda ya zauna awa biyu yana da dalilin zama, amma ya tashi, ya fi wanda bai taɓa samun dalilin zama ba. Su ukun kuwa babu wanda ya buɗe baki ya nema. Kofin yana nan a ɗakin Kallamu, da sunan mamaci a sama da fili a ƙarƙashinsa, kullum da safe yana gani, kuma ya ce ba zai samu natsuwa ba sai an cike gurbin.

Ga ku nan, kun ji duka, ban rage wa kowa ba ban ƙara wa kowa ba. Tsakanin Sallau da Barau da Inuwa, sunan wa za a zana a ƙarƙashin na Haladu?